Na'urorin gona masu magana ta iska: a hannun wa makullin yake?

Tambaya: "Salamu alaikum Injiniya. Ina da gonar rani a bakin Galma, wajen Dakace, da rijiyar burtsatse mai sola da tankuna biyu. Wani yaro ya haɗa min na'urori tara masu batir, wasu na auna danshin ƙasa, wasu na auna ruwan tanki, ɗaya kuma da ita nake kunna sumo, wato famfon rijiyar, in kashe daga wayata ina zaune a Tudun Wada. Ya ce LoRa ne, babu mai iya yi masa kutse domin ba intanet ba ne, kuma saƙon a kulle yake irin na sojoji. Gaskiya ne? Wani zai iya kunna min sumo daga nesa har ya ƙone?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu, amma da wuya mai yin hakan ya biyo ta ƙofar da kake zato.

Maganar cewa ba intanet ba ne, ka ajiye ta gefe. Wayarka ba ta jin yaren LoRa. Tunda kana ganin ruwan tankinka daga Tudun Wada, to saƙon ya tashi daga na'urar ne ya sauka a akwatin nan mai eriya da yaron ya ɗaura maka a kan ƙarfe, wanda 'yan sana'a ke ce wa getwe. Cikinsa akwai layin waya, da shi yake tura saƙon ta intanet zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, daga can ya iso wayarka. Rabin tafiyar ta iska ce, rabi ta intanet, kuma kowane rabi da irin ɓarayinsa.

Kafin mu zo kan kullen sojoji, akwai tambayar da nake so ka fara yi masa: LoRa zalla ya saka maka, ko LoRaWAN? Mutane na haɗa su kamar abu ɗaya ne. LoRa salo ne kawai na aika sigina, wani ɗan kamfani mai suna Cycleo a garin Grenoble na Faransa ya ƙirƙiro shi, Semtech na Amurka ya saye kamfanin a 2012. Siginar tana tafiya kamar fito mai hawa, shi ya sa ake iya tsamo ta ko da hayaniyar iska ta fi ta ƙarfi, kuma da miliwat 25 kacal, wutar da ko tocilan ba za ta haska da kyau ba, tana cin kilomitoci. Amma babu kwado ko ɗaya a cikinta. LoRaWAN shi ne dokokin da ƙungiyar LoRa Alliance ta ɗora a kai a 2015, kuma a nan ne kulle saƙo ya shigo. Akwai 'yan ƙananan allunan LoRa masu aiki a megahaz 433 da yara ke saya su haɗa da ƙaramin allon kwamfuta mai suna Arduino, ba su da komai sai adireshi da lambar tasha. Na sha ganinsu a aikin ɗalibai 'yan shekarar ƙarshe, kuma da yawa daga nan suke ɗauko shi su kai gonar mutane yadda yake. Idan irin wannan ne a wurinka, duk mai irin allon zai saurari abin da ake aika wa na'urar sumo ta iska idan ka danna kunnawa, ya rubuta, ya dawo cikin dare ya faɗi daidai abin da ka faɗa. Sumo bai san muryar mai shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar dai kai ba a gaya maka rariya ce ba.

To a ce LoRaWAN ne. A nan yaron yana da gaskiya. Kwadon da ake amfani da shi sunansa AES-128, wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara shi, Amurka ta karɓe shi a matsayin mizani a 2001, kuma shi ne ke tsare harkokin banki da na gwamnatoci har yau. Yawan makullan da mutum zai gwada kafin ya dace lamba ce mai alƙaluma 39. Ba wanda zai zauna a gindin mangwaro a Dakace ya fasa wannan, ba ma a ko'ina ba. Saboda haka masu kutse ba sa ɓata lokaci a kan kwadon. Makullin suke nema.

Ƙarancin wutar da ake yabon waɗannan na'urori da shi, shi ne ya jawo wannan rauni. Idan ka buɗe manhajar banki a waya, wayar da sabar bankin sukan yi musayar takardun shaida na dubban bayit (bayit ɗaya kamar harafi ɗaya ne), su ƙulla sabon makulli nan take, ba ka ma sani ba. Na'urar da ke binne a kunyar tumatir ba ta da wannan wadata. Idan tana can ƙarshen gona, a zangon megahaz 868, bayit 51 ne iyakar abin da saƙo ɗaya zai ɗauka, ga shi ana so batirinta ya yi shekaru. Sai aka zaɓi hanya mai sauƙi: makulli ɗaya, kwafi biyu, ɗaya a cikin na'urar, ɗaya a saba. Sunansa AppKey, harufa da lambobi 32 ne a jere. Tsaron gonarka gaba ɗaya ya rataya a kan cewa kwafin biyu ne kawai. A aikace kuwa akwai na uku a laftof ɗin wanda ya haɗa, na huɗu a WhatsApp ɗin da ya tura wa abokinsa, na biyar a sitikar da ke jikin kwalin da aka yar a bayan ɗakin maigadi.

Bara da bazara an kira ni wata gonar kaji a hanyar Giwa, na'urorin auna zafin ɗakuna sun riƙa ba da alƙaluman da ba su yi kama da gaskiya ba. Matsalar ta ƙarshe ba kutse ba ce, rana ce ta dafa robar akwatunan har ta shafi abin aunawa. Amma da na buɗe shafin sabar don in duba, sai na ga duk na'urorin makulli ɗaya gare su, kuma ya fara da 2B7E1516. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san lambar nan kamar lambar wayarsa. Ita ce misalin da aka buga a cikin takardar mizanin AES kanta don masu koyo su gwada lissafinsu, kuma ita aka riƙa sakawa a manhajojin gwaji da ake saukewa kyauta. Wanda ya haɗa ya sauke misalin, ya ga yana aiki, ya karɓi kuɗinsa. Mai gonar ya sayi ƙofar ƙarfe mai kyau, makullinta kuma na rataye a kowane shagon yankan makulli na duniya. Kamfanin binciken tsaro na IOActive ya fitar da rahoto kan LoRaWAN a farkon 2020, kuma abin da ya fi nanatawa ke nan: makullan da aka bari a cikin manhaja, da na kan sitika, da waɗanda aka raba wa na'urori da yawa.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi shafar sumonka, don haka zan ɗan tsaya a kai. Kulle saƙo yana hana a karanta shi, amma shi kaɗai ba ya hana a maimaita shi. Ɓarawo ba ya bukatar sanin abin da ke cikin ambulan, idan ya lura cewa duk lokacin da wannan ambulan ta wuce sumo na tashi. Sai ya kwafe ta a rufenta ya sake aikawa.

Maganin wannan kana da shi a bangon gidanka. Lambobi 20 ɗin nan da kake dannawa a mita idan ka sayi wuta, me ya sa ba za ka sake danna su gobe ka samu wata wutar ba? Domin a cikinsu akwai lambar ƙidaya, mita na tuna waɗanda ta riga ta karɓa. A da lambar tana ƙirga mintoci ne tun daga 1 ga Janairun 1993, gurbinta kuma bit 24 ne, wato mintoci 16,777,216, waɗanda suka ƙare ranar 24 ga Nuwamban 2024. Abin da ya sa ke nan aka yi ta shela a lokacin cewa kowa ya karɓi lambobin sauya makulli ya danna a mitarsa. LoRaWAN ma haka yake yi. Kowane saƙo na ɗauke da lambar ƙidaya mai hawa, da hatimi na bayit 4 da aka lissafa da makulli. Saƙon da lambarsa ba ta wuce ta baya ba, a yi watsi da shi.

Inda ake yin kitso da ƙwarƙwata shi ne wajen yadda na'ura ke shiga tsarin. Hanya biyu ce. A OTAA, duk lokacin da na'ura ta tashi sai ta gaisa da saba, su fitar da sababbin makullan zama daga AppKey, ƙidaya ta fara sabuwa tare da sabon makulli. A ABP kuwa, makullan zaman ake rubutawa a cikin na'urar sau ɗaya, da su za ta rayu har ta mutu. Masu haɗawa na son ABP saboda ba ya ba su wahala a wurin da sigina ke da rauni. To sai ranar da aka canja batir. Na'ura mai araha ta manta ƙidayarta ta koma sifili, saba ta ga lamba ta koma baya ta ƙi karɓa, mai gona ya bugo waya yana faɗa cewa abu ya daina aiki. Yaro ya shiga shafin saba, ya ga wani ɗan akwati da ke cewa a daina duba ƙidaya, ya danna. Komai ya dawo, kowa ya ji daɗi. Daga ranar duk tsohon saƙon da wani ya naɗa ya zama sabo. Zai iya sa wayarka ta nuna tanki babu ruwa alhali yana ambaliya. Ita kuma na'urar sumo, in ta manta ƙidayar umarnin da ake aiko mata, za ta karɓi tsohon umarnin kunnawa kamar yanzu ka aiko shi. Akwai ma ƙari: makulli ɗaya da lambar ƙidaya ɗaya kullum mayafi iri ɗaya suke saƙawa su lulluɓe saƙo, don haka wanda ya tara saƙonni biyu masu lamba ɗaya zai gwama su, mayafin ya faɗi, ba tare da ya taɓa ganin makullin ba. Sababbin dokokin, 1.1 na 2017 da 1.0.4 na 2020, sun wajabta wa na'ura ta adana ƙidayarta inda ɗaukewar wuta ba ta gogewa. Ni dai ba na saka ABP a kan duk abin da ke kunna inji, ko mai aikin ya roƙe ni.

Sai kuma na'urar kanta, wadda ke kwana a fili. Sabar banki na cikin ɗaki mai sanyi da masu gadi, taka na kan sanda a tsakiyar albasa. Idan aka kwance sukurori huɗu, a kan allon akwai 'yan ramuka ko filoli da ake loda manhaja ta cikinsu. Idan mai haɗawa bai kulle karatun aisin ba, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan allon, kuma wannan saiti ɗaya ne da ake kunnawa lokacin lodawa, to da 'yar na'urar lodawa da laftof za a zuƙe duk abin da ke ciki har da makulli, a mayar da sukurori kafin maigadi ya idar da sallah. Masu kyau suna ajiye makullin a wani aisi na daban da ba ya fitar da shi ko an tambaya, irin ATECC608 na kamfanin Microchip. Ko da babu wannan, in kowace na'ura da nata makullin, wanda ya sace ta danshin ƙasa bai samu komai a kan ta sumo ba.

Kada ka ce wannan ciwon ƙananan masu haɗawa ne kawai. A 2016 wasu masu bincike, cikinsu har da Adi Shamir, ɗaya daga cikin ukun da suka ƙirƙiro tsarin kulle saƙo na RSA, da Eyal Ronen da Colin O'Flynn, sun ɗauki ƙwan lantarki na Philips Hue mai magana ta iska da tsarin Zigbee. Ta hanyar auna yadda aisin ke shan wuta yayin da yake lissafi, suka ciro makullin da ake tantance sabuwar manhaja da shi, kuma ya zamana ɗaya ne a duk ƙwayayen irin wannan samfurin. Suka ɗora kayan aikinsu a kan jirgi marar matuƙi, suka tashe shi kusa da wani ginin ofisoshi, suka riƙa kunna fitilun ciki suna kashewa. Kamfanin ya gyara daga baya, domin yana da hanyar aika gyara. Tambayi yaronka ta yaya za a sabunta manhajar na'urorinka idan aka gano ɓaraka. Da saƙo mai bayit 51, aika sabuwar manhaja ta iska aiki ne mai cin lokaci da batir, yawancin masu araha ba su ma da tsarin, sai dai a bi su ɗaya bayan ɗaya da waya.

Akwai abubuwa biyu da makulli, komai kyansa, ba ya maganinsu. Na farko, adireshin na'ura da lambar ƙidayarta a buɗe suke tafiya, haka ma lokacin da ta yi magana. A na'urar danshi wannan ba komai ba ne. Amma ranar da ka saka irinta a ƙofar sito, mai sauraro zai san ƙarfe nawa ake buɗewa da ranar da ba a zo ba, bai karanta ko harafi ɗaya ba. Gara a saita ta tana magana a kan kari, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Na biyu shi ne toshe iska. Na'urar da ke raɗa da miliwat 25, duk wanda ya zo kusa da getwe da abin da ya fi ta ƙara zai danne ta, musamman da yake a zango mai nisa saƙo ɗaya kan ɗauki fiye da daƙiƙa ɗaya yana tafiya. Idan ka kunna sumo sannan aka toshe umarnin kashewa fa?

Wannan ne ya kawo ni ga abin da zan fi so ka kashe kuɗi a kansa tun kafin duk na sama. Kada rayuwar sumo ta dogara da rediyo ko kaɗan. A saka fulot, wato makunnin da ke iyo a saman ruwa, a tanki da waya kai tsaye zuwa akwatin wuta, ya yanke idan tanki ya cika, ko wayarka ta ce mene. A tabbata kariyar gudu babu ruwa da ke cikin kwantirola na sola tana kunne, domin yawancinsu suna da ita, masu haɗawa ne ke tsallakewa. A kuma saita na'urar ta kashe kanta bayan wani lokaci, misali awa biyu, in ba ta ji sabon umarni ba. In an yi waɗannan, mafi munin abin da mai kutse zai iya shi ne ya cika maka tanki ba ka sa shi ba. Saba kuma ta riƙa yi maka ƙararrawa idan wata na'ura ta yi shiru fiye da yadda ta saba. Yawanci batir ne ko tsawar farkon damina ta taɓa getwe, wani lokaci kuma wani ne ya kwance faifan sola ya yi gaba.

Tunda kana da sola, ka yi wannan gwajin da kanka. Tsaya a bayan katangar ɗakin batir, ka kunna Bluetooth, ka buɗe manhajar batirin ko ta inbata a wayar wani wanda bai taɓa haɗuwa da su ba. Sau da yawa za ta shiga babu tambaya, ko ta nemi lambar sirri ka danna 1234 ko 123456 ta buɗe, ga maɓallin yanke wutar batir a gabanka. Tsohon tsarin haɗuwa na Bluetooth mai ƙarancin wuta, wanda ake kira Just Works, sifili yake amfani da shi a matsayin makullin farko, kuma tun 2013 wani mai bincike, Mike Ryan, ya nuna yadda ake warware shi, har da mai lambobi shida. Bluetooth 4.2 na 2014 ya kawo gyara, amma sai mai ƙera kaya ya ga dama yake amfani da shi. Birtaniya ta haramta sayar da na'urori masu kalmar sirri guda ta kowa da kowa tun Afrilun 2024, sai dai dokarsu ba ta bin kwalin da ya sauka a Sabon Gari. Canja lambar aikin minti biyu ne. Rimot ɗin get na gida mai megahaz 433 ma, in mai lamba tsayayya ne, ana kwafe shi da wani rimot ɗin kasuwa.

Saura rabin tafiyar da ke intanet, kuma a nan ba na tsoron baƙo kamar yadda nake tsoron na gida. Da imel ɗin wa aka buɗe asusun sabar? Ina kyautata zaton na yaron ne. Wato shi ne mai gonar a idon saba, kai baƙo ne da ya ba aron kujera. Ba na zarginsa da komai, mai yiwuwa yaron kirki ne. Amma ana saɓawa kan cikon kuɗi, ana sace waya, mutum na samun aiki a Abuja ya canja layi. Haka nan duk manajan gonar da ka taɓa ba kalmar sirri ya bar aiki, har yanzu yana iya kunna sumonka daga inda yake, kuma shi ba ya bukatar eriya.

Ka kira yaron ku zauna da laftof ɗinsa, ka ce ya buɗe shafin na'urorin a gabanka. Ba sai ka fahimci komai ba. Ka duba ko an rubuta OTAA a kan kowace. Ka sa ya nuna maka makullan tara a jere, idonka kaɗai zai gaya maka ko sun bambanta. In iri ɗaya ne, ko ka ga 2B7E a farko, ko sifili da yawa, ko lambobi masu bin juna kamar 0102030405, a sauya su ranar, kwamfuta ce za ta zaɓo su, kada ya ƙirƙira da ka. Ka tambayi inda akwatin duba ƙidaya yake ka ga ba a kashe shi ba. A mayar da asusun kan imel ɗinka da lambar wayarka, da tantancewa mai hawa biyu, shi kuma ka buɗe masa nasa gurbin da za ka iya rufewa. A buga makullan a takarda ɗaya ka ajiye inda kake ajiye takardun gonar, a goge na WhatsApp, a ɓare sitikun kwalaye a ƙona. Getwe ɗin ma yana da nasa shafin shiga, galibi har yanzu admin ne sunan, admin ne kalmar sirrin.

In ya ce maka LoRa zalla ne, na'urorin danshi da na tanki za su iya jira zuwa bayan girbi. Ta sumo kuwa a cire wayarta daga akwatin wuta yau, maigadi ya koma kunnawa da hannu har a sauya ta.